Aljihun Loretta

Shekara arba'in Loretta Pruitt tana ɗinki a wani ƙauyen Tennessee. Ba ta taɓa riƙe bindiga ba sai da mijinta ya rasu ya bar ta ita kaɗai a bakin daji. Da ta je saye, mai shago ya miƙo mata wata mai ruwan hoda.

"Ɗan nan, kwalliya na ce zan yi?" in ji ta. "Ba ni wadda yatsun tsohuwa za su iya."

Ta zaɓi baƙa 'yar ƙarama, amma aljihun rigarta ya ƙi ɗauka. Don haushi, ta bi rigunanta duka ta zurfafa aljihunan. Roƙonta kullum, har ta mutu kada kowa ya san abin da ke ciki.