Ɗaliban aro da na tara wa 'yan kwamiti

Shekarun baya can, lokacin ina koyarwa a wani ƙauye kusa da Fakku, na buɗe ajin yamma don yaran makiyayan da ke sauka bayan gari. Rumfar kara ce kawai da allo ɗaya. Sai da na yi wata biyu ina sintiri a ruga kafin Ardonsu ya yarda ya ba ni yaran. Sukan zo da kaka, shanu su ci karan gonaki, in rani ya tsananta su yi kudu. Duk shekara kuma iskar farkon damina sai ta kwashe rumfar.

Sai ƙungiyar 'yan kasuwa a Tambuwal ta yi shelar za ta tallafa wa masu koyar da yara kyauta: ɗaki na kwano, bencina da littattafai. Sharaɗi guda, 'yan kwamiti za su zo su gani da idonsu. Na rubuta takarda har uku ina roƙon su zo da kaka, don lokacin yaran ke nan. Ba a tanka mini ba. Suka sa rana a tsakiyar rani, saboda lokacin ne Alhazan kwamitin ke da sarari. Ranar da saƙon ya iso ni, makiyayan sun daɗe da tashi, har kashin shanu ya bushe a rugar.

Na kai kuka wajen abokina, wani malami da muke koyarwa tare. Ya ce, "Kai dai ba ka da wayo. Ɗiya sunka ƙare a garin ga? Tara na unguwa su zamna maka awa guda. Alhazan ga hoto suka so, ba su tambayar komi."

Na ɗan yi gardama ta kunya, irin wadda mutum ke yi alhali ya riga ya yarda. Na bi gida-gida na aro yara, har da koya musu su miƙe su gaida baƙi. Ni da nake hana satar amsa a aji.

Suka iso bayan la'asar cikin mota biyu. An yi hoto, an yaba, har na fara auna inda ƙofar ɗakin za ta kalla. Sai wani dattijo a cikinsu, dillalin shanu, ya tsuguna gaban wani yaro ya gaishe shi da Fulatanci. Yaron ya zuba masa ido. Ya gwada na biyu, shi ma shiru. Sai ya koma Hausa: "Kai ɗan wane ne?" Yaron ya ce shi ɗan tela ne na bakin kasuwa.

Dattijon ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa. "Malam, ina ɗiyan Ardo?" Na fara bayanin rani da takardun da na aika. Shugabansu ya ce ba su zo sauraron labari ba. Tallafin ya tafi wata makaranta cikin gari, mai katanga da mai gadi.

Wannan bai ƙona ni kamar abin da ya biyo baya ba. Da kaka makiyayan suka dawo, na gyara rumfa na tafi ruga. Ashe dillalin ya riga ni, sun haɗu da Ardo a kasuwar shanu. Ardo ya karɓe ni da fura kamar kullum, sannan ya ce, "Malam, mun ji ka samu waɗansu ɗiya bayanmu, har ka kira su da sunanmu. To, ka riƙe su." Ban sake ganin yaro ɗaya daga rugar a aji ba.

Har yau ina jin haushin Alhazan nan, ba zan ɓoye ba. Da sun karanta takarda ɗaya cikin ukun, da ba a kai nan ba. Amma su sun tafi da kwanon rufinsu ne kawai. Yardar Ardo ni na zubar da ita da hannuna, kuma akwai yarinya cikin yaran rugar da ta fara haɗa baƙi tana karanta sunanta. A nan karatunta ya tsaya.