Tsohon da Na Zana da Gawayi

Wata Lahadi ce cikin zafin bazara, shekarar da nake aji shida na firamare. Muna zaune a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu a unguwar Ajilari ta Maiduguri muna fifita da kwali, sai aka kawo wuta. Ihun yara ya tashi daga farkon layi zuwa ƙarshensa, muka zuba da gudu gidan Oga Chidi, maƙwabcinmu Ibo mai shagon kayan lantarki a Kasuwar Litinin. Shi kaɗai ke da bidiyo a layin, kuma in ya dawo daga coci ba ya mana rowa. Ya fito da talabijin baranda, ya hure kaset ya tura, muka zube a ƙasa gwiwa na gugar gwiwa. Fim ne na wani siririn yaro da ƙattin makarantarsu ke jibga, har wani tsoho mai ɗan gemu ya koya masa kareti, ya je gasa ya kayar da shugabansu. Turancin ba mu ji sosai ba, amma duka ba ya buƙatar tafinta. Kafin mu isa gida na riga na kai wa ƙofar zaure ƙafa sau uku.

A gefena ranar akwai Modu, ɗan ƙanin babana. Daga Konduga aka kawo shi gidanmu saboda boko, shekararsa uku tare da mu. Ajinmu ɗaya, tabarmarmu ɗaya, tare muke tura kurar ruwa daga burtsatse da safe, tare muke yanko wa awaki ciyawa in an tashi daga Islamiyya. Bambancinmu a makaranta yake. Modu ne ke zuwa na ɗaya, ni kuwa malamai sun fi sanina wajen surutu. Hedimasta da kansa ya taɓa tare Baba a hanya ya ce masa, "Alhaji, yaron nan a riƙe shi da kyau, zai yi nisa." Na ji haushin maganar, ba zan ɓoye ba.

Daga wannan Lahadi muka yi watsi da langa da ƙwallon tsumma da gara taya. Akwai wani kango a bayan gidanmu inda ake ɗaure awaki, nan muka mayar makarantar kareti. Na yagi tsohon ɗankwalin Ya, mahaifiyata, na ɗaure goshi, na naɗa kaina akta ba tare da shawarar kowa ba. Modu kuwa kullum shi ne bos, don ya fi mu tsawo kuma ba ya fushi. Aikinsa ya zare ido, ya yi gurnani, in na ɗaga ƙafa ya zube cikin kashin awaki. Ko sau ɗaya ban bari ya ci wasan ba. Da abin ya yi mini daɗi sai na kwaso gawayi a madafa na zana tsohon fim ɗin a jikin bango, da gemunsa da ƙananan idanunsa. Zanen ya fito, don zane ne kaɗai abin da na fi Modu. Sannan na kafa doka: tunda a fim sai an haɗa hannu an sunkuya kafin a fara faɗa, mu ma babu mai fara wasa sai mun yi sahu mun sunkuya wa Tsoho. Modu ya ja ni gefe ya ce, "Bukar, wannan sunkuyon fa ya yi kama da ruku'u." Na ce, "Tsoro kake ji, bos?" Yara suka kwashe da dariya, shi ma ya shiga sahu.

Ruwan farko ya sauka da kwana biyu asirinmu ya tonu. Mahaifiyata ta aike ni sayen gishiri, na bar wa Modu jagorancin sahu. Daidai lokacin Ba Goni, wani dattijo a layinmu, ya leƙo ta kan katanga yana neman tunkiyarsa. Abin da idonsa ya gani shi ne yara a jere, kai a sunkuye, hannu a haɗe, a gaban surar mutum, Modu a gabansu kamar liman. Salatin Ba Goni na jiyo tun daga bakin layi. Kafin sallar la'asar magana ta cika masallaci cewa ana koya wa yara bautar gunki a gidan Alhaji. Baba kuwa shi ne na'ibin limamin masallacin.

A zaure ya tara mu, ni da Modu, Ba Goni da liman suna zaune. Bai ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi bulala ban tsoro. Tambaya ɗaya ya yi: "Wa ya zana?" Da safen nan na ƙara wa gemun baƙi, gawayin na nan a ƙarƙashin farcena, sai na cusa hannuwana cikin aljihu. Na ce, "Modu ne." Na jira ya musa, har na shirya rantsuwa, amma bai ɗago kai ba. A gidajenmu yaro ba ya kallon idon babba, ɗan riƙo kuma ba ya ƙaryata ɗan gida a gaban mai gida. Na san da haka sarai, kuma da shi na yi amfani.

Kwana biyu bayan nan Baba ya raka Modu tasha da kayansa a cikin buhu. Saura makonni kaɗan a rubuta jarrabawar shiga sakandare. A Konduga lokacin shuka ne, mahaifinsa na buƙatar hannu a gona, maganar boko ta tsaya daga nan. Ni aka sa na wanke bangon da tsintsiya da bokiti. Na rubuta jarrabawa na ci da ƙyar, na yi sakandare, na yi kwaleji, yau ni ne malamin makaranta. Baba ya rasu ban buɗe baki ba.

Bara 'ya'yana suka kamu da wani shiri mai dogon zango a talabijin. Ina wucewa na ga fuskokin, na gane su. Ci gaban wancan fim ɗin ne, 'yan wasan sun manyanta, gashi ya fara furfura. Abin da ya hana ni sakat shi ne a wannan karon labarin ya bi bos ɗin har gida, ya nuna yadda rayuwarsa ta karkace tun daga ranar da aka kayar da shi. Yarana har tausayinsa suke ji. Ni ban iya zama na kalli kashi ɗaya har ƙarshe ba.

Modu ya dawo Maiduguri tun shekarun da rashin zaman lafiya ya raba su da gona, keke mai ƙafa uku yake ja tsakanin Ajilari da Kasuwar Litinin. Wata Juma'a ya biyo gaishe mu ya tarar da yaran suna kallon shirin. Ya tsaya a bakin ƙofa ya yi dariya har da tafa hannu. "Kai, ashe bos ɗin nan yana raye!" Na raka shi wajen kekensa, da ƙyar na ce, "Modu, zanen nan na kango, ni ne na…"

"Malam Bukar, ai ina wurin," ya ce. "Baba ma ya sani. A hanyar tasha ya ce mini ya san hannunka, amma magana ta riga ta shiga masallaci, dole wani ya bar gidan, kuma ba zai iya korar ɗan cikinsa ba. Ya ce in yi haƙuri, in ƙura ta lafa zai aiko a ɗauke ni." Ya goge madubin keken da hannun riga. "Damina biyu ina fita bakin titi in na ji ƙarar mota. Daga baya na daina." Wata mata ta tsayar da shi da kayan miya a hannu, ya ce in gaida yara, ya ja ya tafi.

A zamaninmu fim awa biyu ne, akta ya ci, mu tashi mu karkaɗe wando, babu mai tambayar ina bos ya nufa. Yaran yau suna zaune a kan kujera ana ba su labarinsa kashi bayan kashi, har su fahimce shi. Ina kewar barandar Oga Chidi da wannan zafin da wannan ihun, amma ba na iya tuna su ba tare da wanda ke zaune a gefena ba. Modu bai samu mai jin nasa ɓangaren ba sai da gemunsa ya yi fari. Ko a ranar ma ba tambayarsa na yi ba, sauƙi nake nema wa kaina.