Fushin da na fito da shi daga rijiya

A lokacin da abin ya faru, ni yaro ne a Gure wanda bakinsa ya fi jikinsa nauyi. Sirantakata ta kai idan iska ta taso daga wajen Kelle, kakata kan ce a ɗaure ni a turke tare da awaki kada in tashi sama. Saboda haka duk gugan da ya faɗa rijiya a unguwarmu, ni ake ɗaura wa igiya a zura. Ina son aikin nan ƙwarai. A can ƙasa akwai sanyi da shiru, sama ta koma kamar faifai, muryoyin mutane suna saukowa a hankali kamar daga wata duniya. Idan na fito sai in ba yara labarin cewa na ga taurari da rana tsaka, har sarkin kwaɗi ya yi mini tayin 'yarsa.

Shekarar da Nasara suka kwashe Baba zuwa aikin hanya, ni da Yaya muke ban ruwa a garkarmu ta kwari, ƙarƙashin dabino. Rijiyar cikin rairayi take, an tokare ta da itatuwa. Wata rana guga ya faɗa, Yaya ya riƙe igiya na sauka. Ban ji wata ƙara ba. Rairayi kawai ya fara zubo mini kamar ana tankaɗe gari, ya kai gwiwa, ya kai ƙirji, ni kuwa ina kallonsa kamar a jikin wani yake zuba. Yaya ya kira makwabtan garka, ya miƙa musu igiyar, ya sauko da kansa. Ya tone ni da hannu, ya ce mini idan mun fita sai ya ja kunnena. Aka jawo ni sama. Kafin a mayar masa da igiya, gefen rijiyar ya rufta gaba ɗaya.

Kowa ya ce mu yi haƙuri, kwanansa ne ya ƙare. Inna ba ta yi kuka ba. Yaya ɗan farinta ne, ko yana raye ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce yaron nan. Ta karɓi gaisuwa, washegari ta ɗauki taɓarya. Da na ga haka ni ma na haɗiye nawa, na ƙara wa shaƙiyancina gishiri. Na zuba wa ladan fara a hula, na ɗaure wutsiyar jakuna biyu a kasuwa, a lakkwal, makarantar boko, ina kwaikwayon tafiyar mushe, wato malaminmu, yana gaba ina baya. Mutane suka ce alhamdu lillahi, yaro ya manta. Shekaru suka wuce ina ba gari dariya, amma wani lokaci ina tsakiyar magana sai in ji muryoyi sun yi nisa, sama ta tsuke, sai an taɓa ni nake dawowa.

Abin ya tashi ne bana, bayan Baba ya dawo, gero ya yi kyau, gida ya zauna lafiya. Wata makwabciya ta shigo tana neman aron ƙanena, wai guganta ya faɗa. Inna tana daka, ba ta ɗago ba. Ban san lokacin da na ɗauki itace ba. Na fasa tulunan Inna da randa, ƙarar na tabbata an ji ta a Gidigir. Na ce mata guga ya fi 'ya'yanta daraja a wurinta, ɗaya ya tafi ko hawaye ba ta yi masa ba, yanzu za ta miƙa wani. Daga ranar fushi ya zauna mini. Ina jin haushin Baba da bai nan, da makwabtan da suka yi jinkiri, har kaji ina harararsu. Aka ce aljanin rijiya ne ya biyo ni, aka yi ta ɗura mini rubutu har na ji in na yi gyatsa harafi zai fito. Inna ta daina kallona, na daina cin tuwonta. Na shirya da masu ayarin kanwa in bi su Damagaram, ba da niyyar dawowa ba.

Kakata ce ta tare ni. Ita mijinta take kirana, muna tsokanar juna tun ina rarrafe. Ta ce kafin in sake ta in gudu, in raka ta kwari in ɗauko mata dabino. Ta kai ni daidai inda rijiyar take. Wurin ya zama tudu, ciyawa ta rufe shi, ganyen dabino yana motsi ba tare da iska ba. Ta zauna ta ce ita ba ta taɓa ganin ragon miji irina ba, mai dukan tulu don tulu ba ya ramawa. Ta ce wanda nake fushi da shi ga shi nan kwance, in ina da baki in gaya masa. Na ce tsufa ya taɓa mata kai. Sai na ji bakina ya buɗe da kansa. Na tambayi Yaya wa ya aike shi ya sauko, na ce masa wawa, mai taurin kai, ya bar ni da rai wanda ban san yadda zan biya ba. Na yi ta dukan rairayi har hannuna ya mutu, sannan kukan da na ajiye tun ina ƙarami ya zo. Kaka ta bari sai da na gaji, ta ce mini da rana, idan gida ya watse, Inna kan shiga ɗakinta ta cusa zane a baki ta yi nata kukan, don uwa ba ta kukan ɗan fari a gaban mutane. Ta ce ranar makwabciya ma ba yarda Inna ta yi ba, muryarta ce ta ƙi fita.

Ranar kasuwa na ɗauko sabon tulu a kaina, mata suna yi mini guɗa har ƙofar gida. Na ajiye, na zauna kusa da Inna, na fara ba ta labarin minsharin Yaya. Sai ta ce yaron nan ya fi ni ɓarna, shi ne dai ba a kama shi. Ta share ido ta ce hayaƙi ne, alhali ba a hura wuta ba. Ayari ya tafi ba ni.

Na rubuto ne don masu yaro irina a gida. Idan ya tsira daga wani abu yana ta dariya, kada ku ce ya warke. Idan kuma fushinsa ya zo a makare, kada ku yi saurin cewa iska ce, ku kai shi inda zai faɗi abin da ke cinsa. Ni da na bi ayarin nan, da har yau ina zaton uwata ba ta da zuciya. Nawa fushin bai ƙare ba tukuna, yana zuwa yana tafiya. Jiya ma a hanyar garka na yi wa Yaya faɗa da ƙarfi, wani mai jaki ya sauka ya ba ni haƙuri, ya ɗauka da shi nake.