Ni da Surukina a Kufan Sur

Shekarar da na yi aure ina tuƙa tasi a Makka, muna zaune a unguwar Hindawiyya, lungu ɗaya da surukina. Ko da yake nan aka haife ni, tarbiyyar Sakkwato aka yi mini a gida. Idan na hango shi tafe sai in sauya hanya, in kuwa ba dama in durƙusa, idona a ƙasa. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba.

Yanar ido ta rufe masa gani, aka ce sai Bairut za a yi aikin. 'Ya'yansa maza duk ƙanana ne, sai rakiyar ta faɗo kaina. Aiki ya yi kyau, aka ba shi tabarau mai kauri. Kafin ranar komawarmu ya ce yana son ganin Sur, tsohon birnin bakin teku da aka ce Rumawa sun zauna, tunda Allah ya maido masa da gani.

Muka shiga mota muka je. Wani ɗan garin ya zaga da mu, ya nuna mana titin da aka shimfiɗe da dutse, da ginshiƙai jere ba rufi, da wurin wankansu. Ya ce jiragen ruwa daga ko'ina nan suke sauke kaya, yanzu tashar tana ƙarƙashin ruwa. Tsoho sai tasbihi yake yi.

Muka zo wani akwatin gawa na farin dutse, an sassaƙa mutane a jikinsa, maza da mata, babu mai ko ƙyalle. Ɗan garin ya yi gaba. Surukina ya tsaya, ya gyara tabarau.

"Yaro, mene ne wannan?"

Na ce, "Dawaki ne, Baba."

Shekarun da ya yi ba ya gani sun koya masa tambayar abu da hannu. Ya miƙa yatsu ya shafa dutsen tun daga sama, a hankali, ina tsaye ina kallo. Can ya janye hannun ya sa a aljihu.

Na rasa inda zan sa kaina, sai na ce bari in duba ginshiƙan da aka ce suna cikin ruwa. Na yi sauri na hau duwatsun gaɓa. Gansakuka ta kwashe ni, sai ga ni tsundum. Ruwan bai wuce ƙirjina ba, amma da na fito farar jallabiyata ta manne a jikina, ta kuma tsage daga ƙugu zuwa ƙasa. Wasu Turawa masu yawon buɗe ido suna ta dariya, ɗaya ma ta ɗaga na'urar ɗaukar hoto. Na tsuguna bayan wani guntun ginshiƙi, na ƙudura ba zan tashi ba sai kowa ya watse.

Na ji takun sandar surukina. Ya zo ya juya mini baya, ya tuɓe babbar rigarsa, ya miƙo ta ta bayansa, yana kallon teku.

"Sa wannan, ya waladi, ɗana. Idon nan bai gama warkewa ba, ban ga komai ba."

Haka na koma Bairut cikin rigar surukina, shi kuma da 'yar shara, iska tana kaɗa shi. A mota ya sayi gurasa ya raba biyu, ya ajiye rabi a cinyata. Yunwa nake ji ƙwarai, amma riƙe ta na yi har muka isa.

Da muka dawo Makka maƙwabta suka cika gidansa barka. Ina daga waje ina jin yana ba su labarin ginshiƙai da tashar da teku ya cinye, har wani ya tambaya ko mutanen birnin sun bar wani abu. Ya ce sun bar duwatsu, sannan ya sa aka kawo shayi.