Gwajin Adakar Kawu

Saura kaɗan in bar wannan labari a cikina. Ni mutum ne mai son a yi dariya in na buɗe baki, waɗanda suka saba zama da ni kuwa sun san irin nawa: yadda na sayi maganin sanƙo a Kumasi wurin wani mai sanƙo, yadda na yi ta amai a kwalekwale a Kwatano har masunta suka yi mini waƙa. Wannan dariyarsa kaɗan ce. Amma tun da na buɗe baki, bari in ƙarasa.

A babban farin nan ne da ya kwashe shanu ya watsa ƙauyuka. Na dawo daga kurmi na tarar da mutanen garinmu a bayan Maradi, cikin bukkokin kara da tsumma, suna jiran rabon jar dawa. Na bi ina gaisuwa har na iso wurin Inna, matar kawuna. Allah bai ba su haihuwa ba, ni suka riƙa tun ina ƙarami. Na ce ina Kawu. Ta ce yana gida.

"Wane gida, Inna?"

"Gida dai. Shi kaɗai ya saura, shi da bindigarsa. Tun da Allah ya kawo ka, tafi ka taho da shi."

Na shiga motar kasuwa zuwa Cadakori, daga nan na taka da ƙafa na yi arewa, da ɗan garin rogo da sukari a buhu. Na shiga garuruwa da yawa a rayuwata, amma ban taɓa shiga garin da ba ya motsi ba sai namu. Ba zakara, ba daka, ba yaron da zai rugo ya karɓi kaya. An toshe ƙofofi da ƙaya. Takun ƙafata kaɗai nake ji, har na riƙa waiwaye.

Na iske Kawu a inuwar rumbunsa, ya ɗora adaka a cinya yana goge ta da tsumma. Adaka ita ce bindigar nan ta maƙera da ake ɗura wa albarushi ta baki. Tasa doguwa ce, in ya tsayar da ita tana kai masa kunne. Ya ɗaga kai ya dube ni.

"A'a, ɗan yawo! Duniya ta ƙare ne ka dawo?"

"Duniya tana nan, Kawu. Garinku ne ya ƙare."

Ya yi dariya, na ga wuyansa ya zama kamar na tulu. Ya turo mini ƙwaryar dilo, 'ya'yan anza da ake jiƙawa a yi ta sake ruwa har ɗacin ya fita. Nasa bai fita ba. Na ci haka nan.

Da na faɗa masa saƙon Inna, sai ya ce ba ya zuwa ko'ina sai ya gwada bindiga.

Kawu manomi ne, harbi kuwa ɗan lokaci kaɗan yake yi a shekara. Zabin daji yake bi, a ƙarshen bazara, lokacin da suka fara warewa biyu-biyu suna kuka da safe. Da sun fara ƙwai ya rataye bindiga sai baɗi. Kafin ya shiga daji kuma sai ya gwada ta: a yaɓe bayan rumbu da ɗanyar laka, ya ja baya ya harba, a duba yadda gutsattsarin ƙarfen da aka ɗura mata suka zauna. Sai ya ɗauko faifan da ake rufe ƙwaryar fura ya kifa a kai. In faifai ya rufe ramukan, bindiga ta haɗa. In sun fita waje, ta watsa, sai a kai ta maƙera.

"Ga yadda za mu yi," in ji shi. "In ta haɗa, ina nan. Zabi su riƙe ni har ruwa ya sauka in yi shuka. In ta watsa, maƙeri dai ya gudu, ba mai gyara ta. Sai in bi ka in je in riƙe kwano a layi."

"Kawu, waɗanne zabi? Tun daga Cadakori ko kurciya ban gani ba."

"Kai da kake tafiya kamar amalanken shanu, wace zabuwa za ta tsaya ta gaishe ka?"

"To, gwada ta yau."

"Lokaci bai yi ba."

Nan ne muka maƙale. A wurin Kawu ba a gwajin bindiga da rani tsantsa, don albarushin da ya sha bushewa daban yake tashi da wanda ya fara jin laima. In ka gwada da wuri, bindiga ta yi maka ƙarya. In ka bari sai ranar shiga daji, ba lokacin gyara. Sai tsakani, lokacin da iskar safe ta fara sanyi daga gabas. Alamarsa kuwa gawon da ke bakin gonarsa, don gawo da ya ji damina tafe yake zubar da ganye. To wannan shekara makiyaya sun sassare rassan gawon sun ba dabbobi. Ba ganye ko ɗaya da zai zuba. Kullum da safe Kawu ya je ya tsaya ƙarƙashinsa ya ɗaga kai, ya dawo ya ce, "Bai faɗa mini komi ba."

Na zauna jira. Ni da ban iya kwana uku a gari ɗaya ba, ga ni a garin da ba wanda zan yi wa ƙarya ya yi dariya. Da hantsi in zagaya gidajen mutane. Ga turmin gidan su wance a kife, ga turken jakin wane, igiyar tana nan. Inda muke kokawa muna samari rairayi ya rufe. In lokacin salla ya yi, Kawu ya hau dakalin masallaci ya sa hannu a kunne ya yi kira da iyakar ƙarfinsa, sannan ya tsaya ya ɗan jira, kamar wani zai fito daga lungu yana gyara hula. Na tambaye shi ko haka yake yi kafin in zo. Ya ce, "To da wa zai yi?"

Wata safiya muka iske wani Bafillace a rijiya, dattijo, da saniya guda wadda ƙasusuwanta ke ƙirguwa daga nesa. Kudu ya nufa, 'yan'uwansa sun riga shi. Kawu ya gaishe shi, ya ɗora da tsiya.

"Ku ne kuka cinye mini gawo. Yanzu ban san ko wane wata muke ba."

"Baba, shanu sun ci gawo, sun mutu duk da haka. Ka yafe musu."

Muka haɗu mu uku muka ja guga. Rijiyar ta yi nisa, igiya kan igiya aka ƙulla, abin da ke fitowa kuma rabi ruwa rabi taɓo. Muna hutawa Bafillacen ya shafa wuyan saniyarsa ya ce wannan nagge tasa kwana biyu tana ɗaga hanci gabas da safe, ko me take ji oho. Kawu ya dubi saniyar, ya dube ni. Ban sani ba ko ya yarda da hancinta ne, ko tausayina ya ji don ya ga na fara magana ni kaɗai. Ya dai ce, "Gobe."

Washegari tun da safe muka koma rijiya, mu biyu, Bafillacen ya wuce. Sai da rana ta take muka cika tulu guda, hannuna duk ya yi kanta. Muka kawo gida, Kawu ya tuttula kusan duka a kan jar ƙasa ya shiga cuɗawa da ƙafa. Na ji kamar cikina aka tuttula. Muka yaɓe bayan rumbu, rumbun da ba ƙwaya ko ɗaya a ciki. Ya sa yatsa ya zana zabuwa a tsakiya.

"Kawu, wannan zabuwa ce ko buta?"

"Kai dai matsa. Ko a Kumasi ba su da irinta."

Ya taka zuwa wani kututture inda yake tsayawa kowace shekara. Ya zuba albarushi a tafin hannu ya auna da ido, ya ɗura, ya tura tsumma ya daddanna da sanda, ya zuba ƙarfe, ya ƙara tsumma. Ya durƙusa da gwiwa ɗaya, ya daɗe kafin ya daidaita bakinta. Ni kuwa ina baya ina roƙon Allah ta watsa.

Ta tashi. Rumbun ya amsa kamar ganga, ƙarar ta bi gidaje ta dawo. Da a da ne, da karnuka sun ɗauka, yara sun rugo, mata sun leƙo ta kan danga suna yi masa ba'a. Ran nan ko tsuntsu bai tashi ba. Hayaƙi ya tsaya a tsakar gida, ya gaji ya wuce.

Muka matsa. Ko ni da ban san harbi ba na ga ta watsa. Rami nan, rami can, wani har kusa da rufin. Zabuwar Kawu ko a wutsiya ba a taɓa ta ba. Na fara tunanin abin da za mu ɗaure mu ɗauka.

Kawu ya daɗe yana kallo. Sai ya shiga ɗaki ya fito da babban faifan da Inna ke shanya gari a kai, wanda sai an buɗe hannu biyu ake ɗauka. Ya kifa shi a bango. Ya rufe komi.

"Ta haɗa," in ji shi.

"Kawu, ba wannan faifan ba ne."

"Wancan Innarka ta tafi da shi. Laifina ne?"

Ya danne faifan da tafinsa, bai dube ni ba. Bakina cike yake da magana, ni da na taɓa yi wa jandarma surutu har ya manta abin da ya tsayar da ni. Amma na ga ko da cokali aka auna, tsohon nan ba zai bar ƙofar gidansa ba. Kabarin ubansa yana nan, irin geronsa yana binne cikin tukunya ƙarƙashin gado, kuma ya riga ya faɗa wa kansa cewa garin da aka bari babu kowa ba ya sake zama gari.

Na ce, "Ta haɗa, Kawu."

Na ƙara 'yan kwanaki. Na tattaro randunan maƙwabta na jera masa a ɗaki, muka yi ta ja har muka cika abin da muka iya. Na bar masa garin rogo da sukari. Ran da zan tafi ya raka ni har gindin gawo, da adaka a kafaɗa.

"Ka gaida mutanen layi," in ji shi. Ya buɗe baki kamar zai ƙara wani abu, sai ya ɗaga kai ya dubi rassan. Na jira. Bai ƙara ba. Da na yi nisa na waiwaya, yana nan tsaye, shi da bindigar kamar mutum biyu.

Bari in kwantar muku da hankali, bai mutu a wannan shekara ba. Zabuwa kam bai harba ko ɗaya ba, da dilo da ganye ya kai. Amma ranar da na koma Maradi ba ni da wannan labari, ba wanda yake da shi.

Na iske Inna a bakin bukka tana tsince tsakuwa daga jar dawa. Ta hango ni tun daga nesa, ta duba bayana, ta mai da kanta ga abin da take yi. Na durƙusa na faɗa mata komi, har da hancin saniya, ko za ta yi dariya. Ba ta yi ba. Ta ci gaba da tsince dawa har na ɗauka ta gama da ni. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba:

"To, ya ce in koma, ko bai ce ba?"