Shaidar Ƙwarya a Bayan Faifai

Duk wanda ya san tashar mota ta Tasawa ya san Cha'ibu mai sede, mutumin da ba ya iya zama. Kujera yana da ita, ta roba, amma sukurdireba da kofin shayi ne ke hutawa a kanta. Shi kullum yana tsaye, yana kewaya teburinsa, yana karkaɗa makullai a aljihu. Matarsa Habsatu takan ce ko tuwo a tsaye yake ci, kamar wanda mota za ta tafi ta bari.

A garin Sarkin Hausa aka haife shi, ta wajen Mayahi. Ya yi lakkol, wato makarantar boko, shekara shida ya gaji, ya koyi gyaran rediyo ya gaji, ya koma kaset. Da kaset ta fara ja da baya sai ya kama faifan sede, wato CD, a nan ne dai ƙafarsa ta ɗan tsaya. Yakan sayo tsofaffin kwamfutoci a Maradi ya ciro musu lekter, wato aljihun nan da ke zuro kansa waje ya haɗiye faifai. Ba ya yarda da kowace lekter sai ya gwada ta. Ya saka faifan waƙa, ya manna kunne a jikin ƙarfen, ya rufe ido. A cewarsa kowacce da halinta: wata in ta tarar da ƙarzuwa sai ta tsaya cak, wata ta tsallake kamar ba ta gani ba, wata ta yi ta komawa baya tana in'ina. Yana da kaye, wani ɗan littafi da yake rubuta minti da daƙiƙar da kowacce ta yi tuntuɓe. 'Yan tasha suna yi masa dariya, suna kiransa likitan ƙarfe, shi kuwa ko a jikinsa.

Daminar 2009 ta yi gardama. Gero bai kai ko'ina ba, ciyawa ta ƙare tun sanyi bai wuce ba. Cikin Fabrairu sojoji suka karɓi mulki a Yamai, abin da ya canza a Tasawa shi ne rediyo ta fara kiran yunwa da sunanta. Cha'ibu ba ya da gona, amma yana da abin da ke hana shi sakat: jar saniyar Habsatu, wadda ta gada daga mahaifiyarta, ita ke nan abin da ta mallaka a duniya. Tana cikin garken Rufa'i, wani Bafillace da ke zaune kusa da Hawandawaki, aminin gidansu tun iyaye.

Wata Laraba cikin bazara Rufa'i ya iso tasha, ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Bayan gaisuwa ya ce, "Malam Cha'ibu, shanu sun kai gargara. Gobe nika son in kora su kudu. Amma akwai abin da nika so ka jiyar da ni."

Ya kwance wani ƙyalle, ya fito da faifai. Shekara biyar da suka wuce 'yan wata ƙaramar rediyo sun zaga rugage suna ɗaukar muryar tsofaffi, suka ba kowane gida nasa. A cikin wannan, marigayi Ishaƙu, mahaifin Rufa'i, ya ba da labarin yadda ya tsallakar da garkensa a farin tamanin da huɗu, ya lissafa rijiyoyin da ba sa ƙafewa da sunayen masu su, waɗanda ya ƙulla amana da su. A shekara irin wannan ba mai barin baƙon garke ya sha a rijiyarsa, sai in an ambaci sunan da ya sani.

"Ni ban san komi ba na waccan tahiya," in ji Rufa'i. "Goye nike bayan Inna."

Cha'ibu ya saka faifan a lekter da ya fi ji da ita. Muryar tsoho ta fito tas, gaisuwa, addu'a, labarin yadda shanu suka riƙa faɗuwa. A minti na goma sha ɗaya, daidai inda ya ce "rijiya ta farko," lekter ta tsaya cak. Ta biyu ta tsallake ta dira a addu'ar rufewa. Ta uku ta yi ta maimaita rabin kalma har Rufa'i ya kau da kai.

"Bar shi," ya ce. "Na tahi ina tambaya bisa hanya."

"Da garke ba a tahiya da tambaya. Ba ni kwana guda, aboki. Ba a yi faifan da ya gagare ni ba."

Wannan maganar ita ce kuskurensa, kuma da zuciya ɗaya ya yi ta. Ya goge fuskar faifan mai ƙyalli da auduga da man goge baki har ta koma kamar ruwa. Bai canza komai ba. Kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke da azahar, ya yi ta safa da marwa tsakanin tebur da bakin titi yana kallon wayar wuta, kamar kallon zai dawo da wutar. Kashegari ya hau kabu-kabu har Mayahi, ya aro sabuwar lekter wurin wani abokinsa Maman Sani, ya dawo da la'asar jikinsa duk rairayi. Sabuwar ma a minti goma sha ɗaya ta ƙi. Rufa'i yana zaune a gindin bango, sandarsa a kan gwiwa, yana jira. Jiran nan ya fi zagi ciwo.

A rana ta uku haushi ya sa Cha'ibu ya ɗaga faifan sama, ya kare rana da shi. Sai ga haske yana ratsowa ta wani siririn layi mai lanƙwasa, da ɗigo biyu a gefensa. Ya juya faifan. A bayan ne, wajen fenti, inda kwana uku bai ko duba ba.

"Mi ne ne wanga?"

Rufa'i ya leƙo. "Shaidar gidanmu ce. Inna ka yin ta da bakin wuƙa ga ƙoranta, don kada su ɓace."

Cha'ibu ya sauke faifan. Ya san abin da tsohuwar ba ta sani ba: muryar tana kwance ne dab da fentin nan, fuskar da yake ta gogewa roba ce kawai. Abin da wuƙa ta kankare ya tafi. Ya ji kunya, ya ji tsoro, don yanzu kwana ukun sun zama nasa shi kaɗai.

Saura lekter guda, wata tsohuwa da ya jefa ƙarƙashin tebur saboda nawarta. A kayensa ya rubuta mata: ba ta tsayawa, ba ta tsallakewa, rarrafe take. Ya hure ta, ya haɗa. Ta kai minti goma sha ɗaya, ta yi ƙara, ta kutsa. Muryar Ishaƙu ta riƙa zuwa gutsi-gutsi, sunayen duk sun kakkarye, ba ko ɗaya da za a kama. Amma tsakanin gutsattsarin akwai wata murya ta mace daga can gefe. "Ba shi ba... ƙanensa ne." Can kuma, "Ka manta ta gindin..." Sau uku tana gyara wa tsohon.

Rufa'i ya miƙe a hankali. "Inna ce."

Kafin la'asar babur ya kai su ruga. Kadijatu, mahaifiyar Rufa'i, tana zaune a inuwar bukka, an riga an shirya barin ta wurin dangi don tsufa. Ɗanta ya durƙusa ya tambaye ta. Ba ta yi dogon tunani ba. Ta lissafa rijiya tara a jere, da masu su, da 'ya'yan da ya kamata a nema in uban ya rasu, har da matar da ta dama musu fura a ta shida.

"Inna, mi ya hana ki hwaɗi tuntuni?"

"Wa ya tambaye ni? Kun ce maganar tana cikin madubin can."

Da asuba garke ya tashi, tsohuwa a kan jaki a gaba. Jar saniya ba ta cikinsu. Tun ranar Alhamis ta kwanta. Maza huɗu suka zura mata sanduna a ƙarƙashin ciki suka ɗaga, ƙafafunta suka ƙi riƙe ta. Rufa'i ya shafa wuyanta, ya ce da Cha'ibu, ba da faɗa ba, "Ran Laraba da ƙahwarta ta je rijiya." Aka yanka ta kafin ta mutu.

Cha'ibu ya koma Tasawa da igiyarta. Habsatu ta karɓa, ta daɗe tana kallon ta, ta rataye ta a ƙusar ɗaki. Ba ta zarge shi ba, ran nan ko daga baya, shi kuwa da ta zarge shi da ya fi samun sauƙi.

Garken ya dawo bayan damina, fiye da rabi da rai. Rufa'i bai nemi faifan ba, Cha'ibu bai mayar ba. Tun daga lokacin da shi yake gwada kowace lekter da ta shigo hannunsa. Wadda ta tsaya ko ta tsallake sai ya ture ta gefe, wadda ta fito da muryar tsohuwa ita yake ajiyewa. 'Yan tasha sun lura da abu guda: in faifan ya kusa minti na goma sha ɗaya, yakan kwashe sukurdireba da kofin shayi daga kan kujera, ya zauna, ya saurara har tsohuwar ta gama gyaranta.