Fuskar Matata a Bangon Yelwa

Na daɗe ina zanen allunan shaguna a Yelwa ta ƙasar Yauri, kawunan aski ga masu aski, keken ɗinki ga teloli. Wata rana wani wakilin kamfanin lemon kwalba ya ba ni bango guda kusa da tashar jiragen ruwa. Yana son miji da mata cikin kwalekwale suna hutawa a kan tafki, kowa da kwalba a hannu.

Matata na zana. Baƙa ce, da tsaga a kumatu irin ta mutanen tsibiri, sana'arta bandar kifi. Na ajiye mata kwando a gefe, don ni ban taɓa ganin matar da ta shiga jirgi a Yauri don shan iska ba. Kasuwa ce ke shigar da su, ko gona, ko gaisuwar mutuwa.

Mutumin ya zo duba aiki, ya tsaya nesa ya yamutsa fuska.

"Wa zai sha lemo saboda wannan? Ƙara mata haske. Goge tsagar, ka cire kwandon."

"Matata ce," na ce.

"To ka bar ta a gida, malam."

Da na watsa mashi fentin a riga, da yau ina da abin faɗa. Ban watsa ba. Na haɗa fari da rawaya na shafe ta. Na rage hancin, na sa mata tabarau, mijin kuma na ba shi agogo da haƙoran da ba su san goro ba.

Ran kasuwa matata ta biyo ta wurin da kifi a ka. Ta daɗe tana kallo.

"Maigida, ba ni ka ce kana zanawa ba?"

Na ce haka mai aikin ya so. Ta gyara kayanta ta wuce.

Bayan wata biyu na tsinci man bilicin a ƙasan akwatinta. Na yi ta faɗa har maƙwabta suka leƙo. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Kai ka haɗa kalar."

Ta daina shafawa daga baya, amma ya bar mata tabo a wuya. Kamfanin ya sauya talla, bangon bai sauya ba. Sau biyu na je da farar ƙasa zan shafe shi, mai gidan ya hana, wai baƙi na tsayawa ɗaukar hoto a wurin. Yanzu idan zan je tasha, ta layin maƙera nake zagayawa.